Abin da Ruwa Ya Tono a Gonarmu

Assalamu alaikum, Malama mai shirin mata, barka da aiki. Ni ce Hadiza daga Babankatami.

Bara da damina, ruwa ya tono audugar mata da nake binnewa bayan gida, ya kwashe ta har cikin gonar hatsinmu. Ta daɗe a ƙasa, amma ledarta ko ruɓewa ba ta yi ba. Na duƙa ina tsinta, kunya ta ishe ni.

Da na gaya wa yayata mai ɗinki a Madawa, sai ta ce, "Hadiza, ƙunzugun iyayenmu za mu gyara." Ta ɗinka muna masu taushi da maɓalli, ni da ɗiyata Zali. Mu wanke da sabulu, mu shanya a rana, mu sake amfani da su. Tun sannan Zali ba ta ƙara fashin lakwal, wato makaranta, saboda jinin al'ada ba.

Yanzu in ina daka, hankalina tafiya yake. Sai in gan ni gaban keken ɗinki a inuwar itacen bedi, iska na kaɗawa, 'yan mata kewaye da ni, kowacce na zaɓen launin da take so.

Keke ban da shi tukuna, amma allura na hannuna. 'Yan uwa masu sauraro, wadda ta fara da ɗinkin hannu, don Allah ta gaya mini ta ina zan soma. A gaida mini Yaya.