Ƙwayar Mardiya

A bencin wani kemis a unguwar Mokola, cikin 1994, mata biyu 'yan unguwar Sabo da ba su san juna ba suna jiran a sallame su. Babbar ta leƙa kwalin da ke hannun ƙaramar.

"Baiwar Allah, wannan ai ƙwayar hana ɗaukar ciki ce."

"Ita ce, Hajiya. Ta 'yata Mardiya ce. Ƙuraje sun cinye mata fuska, duk sanda al'adarta ta kusa sai su taso."

"Tana da aure?"

"Budurwa ce."

"Subhanallahi! Ƙurajen 'yanmatanci ne za a ba yarinya wannan? Sabulun salo fa?"

"Mun yi har fatar ta ɗaye. Likita ya ba ta man shafawa, ya ba ta kafso mai ja da rawaya, ta sha wata da watanni. Da ta daina suka dawo. Ya ce daga jikinta abin yake tasowa, wannan ce za ta kwantar da shi."

"Gaskiya ni da zan ji yarinyar da ɗana yake nema tana shan wannan, a ranar za a fasa auren."

"Na sani. Shi ya sa na wuce kemis ɗin ƙofar gidanmu na zo nan."

"To ki ji tsoron bakin mutane."

Uwar ta cusa kwalin cikin mayafinta.

"Hajiya, mutane sun daɗe suna magana. Mardiya ce ta daina. Tun ƙaramar Sallah ba ta leƙa ko zaure ba, madubin ɗakinmu ma ta juya shi bango."