Injin Matse Tuffa da Turmin Surukata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Maitama, limaminmu Malam Almu, likitoci da injiniyoyi, ma'aikatan rediyo da suka ajiye labaran duniya suka zo cin tsire, iyayenmu mata, 'ya'yanmu da muke yi wa Hausa suna mayar mana da Turanci, mutanen Silver Spring da na Alexandria, da mu 'yan Largo masu masaukin baƙi: ni, Munzali, ina yi muku barka da zuwa taron kaka na bana.

Ina godiya ga ƙungiya da ta ba ni dama in gabatar da wannan injin na matse ruwan tuffa, wanda na haɗa da hannuna a gareji. Ina godiya ga maƙwabciyata Olive, wadda bishiyarta ke zubo mini tuffa a bayan gida shekara shida ina sharewa, har ta ce ashe akwai injiniyan da ke zubar da abin sha a bola. Malam Almu kuma ya kwantar da hankalinsa: yau za a matse, yau za a shanye, ba za a bar shi ya kwana ya canza hali ba.

An ce in yi bayanin kayan haɗi, to ga shi.

Na farko, katako. Kada araha ta ruɗe ku ku sayi koren katakon nan na shinge, domin an jiƙa shi da maganin gara, kuma abin da ya kashe gara ba zai yi wa cikinku alheri ba. Ku nemi katako mai tauri, marar ƙaro, marar wari. Na biyu, ƙarfe. Duk inda ruwan zai taɓa, ƙusa ce ko ɗamara, a sa ƙarfen da ba ya tsatsa. Na gwada bokitin kwano, ruwan ya fito baƙi kamar tawadar allo. Na uku, matsi. Jak ɗin mota ya isa, amma a sa shi cikin leda, kada mai ya ɗiga. Na huɗu, ƙyallen tacewa. Farin yadi na saya, kamu goma. Malam Almu ya gan shi a kujerar motata bayan sallar Juma'a, ya dafa ni a hankali ya ce, "Injiniya, wa muka rasa?"

Na biyar shi ne ainihin abin da ya tsayar da ni a gabanku. Ba a matse tuffa sai an farfasa ta, ni kuwa da na duba gidana ban ga katakon da ya kai turmin mai ɗakina, Hajiya Tayyiba, tauri ba. Turmin kirya ne. Na mahaifiyarta ne, Allah ya ji ƙanta, ita ta ɗauko shi tun daga Katsina lokacin haihuwar 'yarmu Umaima, ta cika cikinsa da kuka da kuɓewa, ta tsaya a filin jirgi tana yi wa ma'aikaci bayani da hannu har ya gaji ya bar ta ta wuce.

Ban tambaya ba. Na jira Hajiya ta tafi aiki asibiti, na daka tuffa, na matse, na kai wa Olive kofin farko. Ta kurɓa, ta ce tana jin wani abu kamar miya. Jama'a, shekara arba'in turmin nan yana shan daddawa da barkono. Ni da digiri biyu ban san katako ba ya mantuwa ba.

Sai na so in ɓoye laifina. Na wanke shi da ruwan zafi da sabulu, na jingina shi da hitar ɗumama ɗaki don ya bushe kafin ta dawo. Ya bushe, ya kuma tsage tun daga baki har ciki.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Durƙusawa ta yi, ta shafa cikinsa inda ya lotsa, ta ce, "Hannun Inna ne ya yi wannan ramin." Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kwana goma sha tara ana ba ni abinci da yajin kanti, ana amsa gaisuwata kamar ta baƙo. Ta kuma ce ruwan injin nan ba zai shiga bakinta ba muddin turmin yana kwance.

Ku dubi injin, za ku ga ɗamara uku aka tsara masa, biyu ke jiki. Ta ukun na cire, na ɗaure turmin da ita, na cike tsagar da kakin zuma, na mayar da shi mazauninsa. Mako guda ba ta ko dube shi ba. Yau da hantsi ina loda kaya a mota sai na ji bangon kicin yana amsawa: tim, tim, tim. Na tsaya riƙe da jak ina share ido. Yajin da kuka ci tsire da shi ɗazu, daga turmin nan ya fito.

Saboda haka, Maman Umaima, a gaban liman da shugaba ina neman afuwa, ga kuma kofin farko na yau, babu daddawa a ciki. In ta sha, kowa ya sha. In ta ƙi, Alhaji Maitama, a share mini ɗaki a Alexandria.

Allah ya ji ƙan mai turmi, ya ji ƙan dukkan iyayenmu da suka ɗauko mana gida a ka suka kawo mana har nan. Allah ya shirya mana zuriya, ya ƙara mana zumunci, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Shugaba, ka gani, ta miƙo hannu.

Na gode.