Ranar da Na Yi wa Ƙaguwa Wanka

Tunkiyata na sayar a Sheme na yi kuɗin mota, shekarar da aka hana mu shiga gona. Ke Hadiza kina goye, ba za ki tuna ba.

A Legas, Baba Ilu, wani dattijon Kankara da ya daɗe yana dako a bakin teku, shi ya kai ni rumfar wata Bayarabiya mai sayar da ƙaguwa. Masu Turanci ce mata suke kirab, kamar an taka busasshen kara. A rumfar nan zan yi aiki, a nan zan kwana. Ban san kowa ba bayan su biyun.

Ranar farko ta nuna mini kwanduna, ta tafi. Na leƙa. Ƙaguwa ce da rai, cikin baƙin taɓo da gansakuka, ga wasu ƙuraje masu tauri manne a bayanta. Na ce subhanallahi, abin da mutane za su ci? Na tari ruwan famfo, na ɗauko soso da sabulu, na yi bisimilla. Ɗaya bayan ɗaya na dirje su, suna cizona ina haƙuri. Na jera a tire suna ƙyalli. Shiru suka yi, na ce sun ji daɗi.

Madam mai rumfar ta dawo, ta ɗora hannu a ka. Baba Ilu ne tafinta.

"Ta ce wa ya aike ki?"

"Baba, datti na gani."

"Ta ce matacciya ba mai saye." Ya ɗauki guda ya juya ta. "Kuluwa, ƙasan tekun nan gari ne. Wannan ita ke share mushe, ita ke kaftun taɓo tsutsa ta samu wurin zama, kifi kuma ya cinye ta. Ƙurajen nan ma masu rai ne, haya suke a bayanta."

"Suna biya?"

"Ta ce ki ɗauki kayanki."

Na ɗauka. Baba Ilu ya yi ta ba ta haƙuri har la'asar, ina tsaye da ƙunshina. Can ta dubi tiren, ta dube ni, ta yi magana a gajarce.

"Ta ce wanki kam kin iya. Ƙanwarta na da gidan abinci."

Kwanoni na wanke har damina ta faɗi. Na dawo Tafoki da buhun shinkafa da hannuwa farare kamar na jinjiri, alhamdu lillahi. Babanku ya tambaye ni ko na ga teku. Na ce na ga samanta, mutanen ƙasan kuma mun gaisa, ba mu rabu lafiya ba.