Amfilifayar Baban Juli Tana Nan a Buɗe

Ni mutum ɗaya nake nema. Mutum ɗaya wanda hannunsa ba ya rawa, wanda zai zo ɗakinmu a Wunti kafin ranar Asabar, ya sauke wutar lantarkin da ke cikin amfilifayar Baban Juli, na'urar nan da ke ƙara wa jitarsa murya, ya mayar da na'urar cikin akwatinta ya rufe. Na faɗa da wuri ne don kar kuka ya zo in koma in zauna ban faɗa ba.

Ku yi haƙuri, ban ma gaishe ku ba. Baba Fasto, ina gaisuwa. Dattawan ikilisiya, ina gaisuwa. Baba da Mama da kuka taso tun daga Bogoro, sannunku da hanya, sannunmu da wannan rashi. Yaya Amos, wan mijina, sannu. Mama Agnes da zumuntar mata, 'yan kwaya masu yi mana waƙa, da maƙwabtanmu Musulmi da suke zaune can waje a ƙarƙashin rumfa tun safe, Allah ya saka. Ni ce Roda, matar Habila. Ban saba kiran sunansa ba, Baban Juli nake ce masa. An ce in yi magana a madadin gida. Ban yi makaranta ba, ban rubuta komai ba, abin da ke bakina shi zan faɗa.

Sati uku ke nan yau da rasuwarsa. Dukanmu mun san shi da jita. Babu wanda ya yi aure a majami'ar nan cikin shekara goma da bai kaɗa masa ba, babu gawar da muka raka da bai tsaya a gefenta da jitarsa ba. Amma abin da kuke ji ran Lahadi, a ɗakinmu ake dafa shi tun Litinin, ni kuwa ina wurin.

Ya kasance mutum ne da ba ya yarda da ƙara sai ya san daga ina ta fito. Amfilifayarsa tsohuwa ce, ba irin ta yanzu ba. A cikinta akwai wasu 'yan kwalabe kamar ƙwan fitila, bawul ake ce musu, idan sun ɗumi sai ka ga cikinsu ya yi ja-ja. Akwai ƙanana, akwai manya. Yakan ce ƙananan su ne bakin amfilifaya, manyan su ne ƙirjinta. Ina tsakar gida ina wanki, sai ya sa wannan ya kaɗa, ya cire ya sa wancan ya kaɗa, ya ɗaga murya ya ce, "Roda, wanne?" In ce, "Na farkon kamar akuyar da aka ɗaure a rana." Ya ce, "Na biyun fa?" In ce, "Na biyun kamar Mama Agnes idan ta ɗauko waƙa daga ƙasa." Sai ya yi ta dariya, ya ce, "Ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa, kin fi injiniya kunne." In ce, "To biya ni kuɗin injiniya mana." Ya ce, "Ai na biya tun ranar sadaki, har da canji."

Manyan kuma ba a sa su sai biyu-biyu, kuma sai biyun sun zo daidai da juna. Idan ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ɗayan zai yi ta ja shi kaɗai har ya ƙone. Sai ya wuni yana aunawa da mita kafin ya haɗa biyu. Da yake ban iya karanta lambar da ke jikinsu ba, sai ya riƙa ɗaura musu zare. Jan zare da jan zare, kore da kore, baƙi da baƙi. Yana ce min, "Miƙo min masu jan zare," sai in miƙa, ban taɓa kuskure ba.

Ya kasance mai jin magana, amma ba mai saurin bari ba. Dattawa, kun tuna shekarar da ya fara kawo ɗan ƙarfen nan da yake takawa da ƙafa, fedal? Shi yana ce masa obadiraif, ni ina ce masa mai gurnani. Ranar farko da ya taka shi a sujada, wani baba a cikinku, ba zan kama suna ba, ga shi can yana sunkuyar da kai, ya ce, "Wannan kukan na otal ne, ba na ɗakin Allah ba." Baban Juli ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya ce min, "Gaskiyar baban nan ce, na cika shi da yawa. Ba don ihu aka yi shi ba. Ɗan tura bawul ɗin ake yi, kaɗan, har muryarsa ta fara rawa kamar ta mai son yin kuka." Sati biyu yana murɗa ɗan maɓallin nan baya, yana tambayata. Ranar da aka binne matar baban nan, shi ya kaɗa, kuma ya taka fedal ɗin tun daga farkon waƙa har ƙarshe. Bayan an tashi baban ya riƙe masa hannu ya ce, "Ka ga yadda jita take da daɗi idan ka bar wancan abin a gida?" Ya yi masa godiya kawai. Sai a keke ya faɗa min, muka yi ta dariya muna dawowa daga jana'iza, har mai keke yana waigenmu.

Fedal biyu ya riƙe. Kore na jana'iza ne da ranakun azumi, ruwan ɗorawa na aure da bikin godiya. Akwai wani baƙi mai tsada da wani abokinsa ya aiko masa daga Jos, duk 'yan kwaya suna ta yaba shi. Lahadi ɗaya ya gwada, ya mayar. Na ce, "Me ya yi maka?" Ya ce, "Yana zama a kan muryar mata. Idan jita ta hau inda zumunta take waƙa, wa za a ji?" Iyayena mata, shekara da shekaru yana matsa muku wuri a cikin waƙa, ba ku sani ba.

Ya kasance ba ya tambayar na wane ne kafin ya gyara. Sifikar masallacin layinmu ta lalace sau nawa, shi ake kira. Aikin ma a hannun Baffa Mika'ilu ya koya, tsohon mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Wunti, tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Baffa ne ya koya masa ya riƙa sa hannu ɗaya a aljihu idan zai shiga cikin na'ura. A bayan hannunsa na dama akwai tabo, kun sha gani idan yana kaɗawa. Wata rediyo ce da ta daɗe a ajiye, ba a jone take ba, ya sa hannu, ta jefar da shi har bango. Tun ranar da na tare yake ce min, "Abin nan yana riƙe wuta a cikinsa ko an zare shi daga soket. Kar ki taɓa yarda an ce miki ta fita sai an sa waya an sauke ta, an auna."

To ranar Juma'ar da ciwon ya same shi, bayan azahar, ya ce ɗaya daga cikin manyan bawul ɗin ya yi ja fiye da kima, kamar garwashi, yana so ya canja su kafin Lahadi. Ya kunna amfilifayar, ya saurara, ya kashe, ya zaro cikinta daga akwati ya kife a kan tebur, duk wayoyi a waje. Ya jera bawul ɗinsa a tire, kowanne da zarensa. Sai ya dafe kai. Ya ce, "Roda, kaina." Na ce ya kwanta. Ya ce, "Kar kowa ya taɓa, ban sauke wutar ba." Maganar da ya yi ta ƙarshe a ɗakin ke nan. Muka sa shi a keke zuwa asibiti. Ran Litinin da safe Ubangiji ya karɓi abinsa.

Mama Agnes, abin da zan faɗa yanzu ba ƙara nake kawowa ba, don Allah kar ki ji zafi. Ranar da aka dawo da shi, mata suka shiga gyara ɗaki saboda baƙi. Suka ga kwalabe a tire duk ƙura, da tsumman zare a jikinsu. Suka kwance zaren, suka wanke su tas da omo, suka goge har rubutun jikinsu ya fita, suka zuba a kwano ɗaya. Alheri suka yi min. Ina shigowa na ga wata ta miƙa hannu da tsumma za ta goge abin da ke kan tebur, na kurma ihu. Kowa ya ɗauka kukan miji nake yi, aka yi ta riƙe ni ana cewa in yi haƙuri. A ranar na sa kwaɗo a ƙofar.

Yanzu ba a san wane da wane ne abokan juna ba. Wannan bai dame ni sosai ba. Idan an sa su an kaɗa, ina jin zan gane, kunnena bai mutu ba tukuna. Abin da ya hana ni barci Juli ce.

Juliana shekararta ɗaya da wata biyu. Da ya tafi rarrafe take yi. Yanzu tana tafiya. Bai gani ba. A ɗakin maƙwabciyata Habibatu ta ɗaga ƙafa, don a can muke kwana tun ranar, kayan sawarmu ma ta taga na jawo su da sanda. Duk abin da ta gani sai ta kama ta miƙe, duk abin da ta kama sai ta ja. Teburin nan bai kai ƙuguna ba. Ɗaki ɗaya gare mu, ba ni da inda zan kai ta. Habibatu ta yi min abin da ko 'yar uwata sai haka, amma ranar Asabar mijinta Hamma zai dawo da mahaifiyarsa daga Misau, ba ta da lafiya, a ɗakin za a kwantar da ita. Ba korata aka yi ba. Wuri ne babu.

Yaya Amos, ka ce min sati uku ai ko wutar me ce ta huce. Wataƙila gaskiyarka ce. Na ba ka mabuɗi na ce to shiga ka ɗauke ta, ka tsaya a bakin ƙofa ka ce bari dai a nemo wanda ya sani. Ban ga laifinka ba, kai ma kana da 'ya'ya. Na je wurin masu gyaran waya, ɗaya ya ce bai taɓa ganin irinta ba, ɗaya ya ce in watsa mata ruwa. 'Yan kwaya sun so su ɗauko ta yau su kaɗa masa da ita, na hana, na san kun ji haushina. Ba rowa ba ce. Ko ba wutar, ya sha faɗa min idan aka kunna ta babu sifika a jone, cikinta ƙonewa zai yi, kuma ba a samun irinsa a Bauchi.

Baba, Mama, kun ce in tattara in biyo ku gida. Zan zo, amma ba zan bar aikin ɗanku a kife a kan tebur kamar an yanka akuya an manta ba. Ku bar ni in ga an rufe ta. Bayan nan ta majami'a ce, da fedal ɗin biyu, duk wanda zai kaɗa ya kaɗa. Roƙona kawai, kore na jana'iza ne, kuma kar a hau kan muryar mata.

Mun gode muku duka, da waɗanda suka kawo abinci, da waɗanda suka zauna da mu ba su ce komai ba. Ubangiji ya ba Baban Juli hutu a wurinsa. Ya riƙe iyayensa da suka binne wanda ya kamata ya binne su. Ya tsare min yarinyar nan, ya Yesu, ita kaɗai ya bar min. Ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.

Saura abu ɗaya. Ba sai wanda ya iya aikin ba. Shekaranjiya na je Ƙofar Dumi gidan Baffa Mika'ilu. Idonsa ya yi rauni, hannunsa ko kofin shayi ba ya riƙewa sai ya zube. Da na faɗa masa sai ya ce, "'Yata, kai yana nan, hannu ne babu. Samo min hannu, in zauna a kujera in riƙa cewa taɓa nan, kar ka taɓa can." Ya tambaye ni ko akwai wanda zai yarda. Na ce akwai. Na ce masa mutanen majami'armu ne, mijina ya yi musu kiɗa shekara goma, mutum zai zo ranar Alhamis bayan la'asar. Har ya sa an ciro masa wayar sauke wutar da mitar daga ƙarƙashin gado.

Ban tambayi kowa ba kafin in faɗa masa haka. Na dai riga na faɗa masa.