Sunan Ƙanwata Ya Bayar, Ba Nawa Ba

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Maman Sadiq ce daga Sparkhill, Birmingham.

Ɗana Sadiq ya shekara ashirin, yana jami'a a Manchester, garin da ƙanwata Bilkisu take aure. Watan jiya na ji a bakin mutane wai an kwantar da shi a asibiti. Na buga wa asibitin waya, suka ce ba za su gaya mini komai ba, don sunan Bilkisu ya bayar, ba nawa ba.

Raina ya ɓaci, na kira 'yan sanda na ce su ɗauko mini shi. Da a gida ne, ai waya ɗaya ta isa. 'Yar sandar ta ce, "Ɗanki ya mallaki hankalinsa, hukuma ba ta da ikon tilasta masa."

Na kira Bilkisu ina ta faɗa. Ta ce, "Yaya, faɗan nan naki yake tsoro. Ya samu sauƙi, har ya sha kunun gyaɗa."

Kunun gyaɗa! Wallahi ni na koya mata dama shi. Ni na yi naƙudar yaron nan, amma ita ce zaune a gefen gadonsa.

Na daɗe ina yabon ƙasar nan don hukuma ba ta shiga sha'anin gidan kowa. Yau abin ya faɗo kaina.

Jama'a, ku ba ni shawara. Kai kuma Sadiq, in kana ji, doka ta hana su gaya mini, amma ba ta hana ka kiran uwarka ba.