Shekarar Tsintsiya

Safiyar Asabar ce a watan Agusta, zafin Doha ya hana ko kyanwa fita, ku kuma ’ya’yan ƙanena kun dame ni da “yalla, mu tafi, Gwaggo” sai na kai ku kanti ku ga dusar ƙanƙarar da inji ke yi. Ku zauna tukuna, Iklima.

Kafin in zo nan unguwar Al-Sadd koyar da aikin jinya, a wani birni na bakin tafki a Kanada na fara ci-rani. Kakarku ta sayar da warwaronta ta yi mini guzuri, ta kuma cusa mini tsintsiya a akwati, wai ba ta yarda da sharar Turawa ba.

Na kama ɗakin ƙasa a gidan wata tsohuwa, Misis Dora. Sharaɗinta ɗaya: mai ɗakin ƙasa shi ke share ƙofar gida idan dusar ƙanƙara ta zuba. Na ce a raina, shara kuma har a koya wa ’yar Zariya?

Ranar da ta fara zuba na fito da asuba, na yi yadda aka koya mini a gida: na yayyafa ruwa, sannan na duƙa da tsintsiya. Ruwan nan ya daskare, matakala ta zama madubi. Misis Dora ta fito ɗaukar jarida, ta sauka har bakin titi a zaune.

“Wa ya zuba ruwa a nan?”

“Ni ce, don kada ƙura ta tashi.”

“Wace ƙura? Ƙarshen wata ki nemi wani gidan.”

Ki daina dariya, Hanan. Ba ni da kowa a garin, kuma ɗaki ba ya samuwa tsakiyar sanyi.

Kafin ƙarshen watan sai ga babbar guguwar dusar ƙanƙara, wadda suke kira “bilizad”, ni kuwa na daɗe ina ce mata Bilkisu. Wuta ta ɗauke, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Na dama kunun tsamiya a ɗan rishonta, na kai mata. Ta sha, ta ɓata fuska, ta miƙo kofi a ƙara.

Sai ta haska mini dogaran ƙofa, duk zane-zanen wuƙa. Kowane zane tsayin dusar wata shekara ne, kowace da sunanta. Ga shekarar da mijinta ya fita ta tagar bene. Ga wadda manoman ƙauyukan kewaye suka yi ta zubar da madara saboda hanya ta toshe. Na can sama, na zamanin mahaifinta ne, ta ce har dawakai suka ɓace.

Da aka tono mu, ta auna, ta yi sabon zane, ta miƙa mini shebur.

“Wannan shekarar tsintsiya ce. Ki riƙe wannan, kuma kada in sake ganin bokiti a hannunki.”

Ba ta ƙara maganar tashi ba.

Har yau ba ta yarda da waya ba, sai wasiƙa. Ta bara tana nan ban amsa ba, don na rasa abin da zan ce game da yanayin Doha. Ku ɗauko takalmanku. Zan ɗauki hotonku a cikin dusar injin, mu biya gidan waya in aika mata, in gaya mata a nan sai an yi layi an sayi tikiti ake ganinta, kuma ba a ba kowa shebur.