Muryar Baba a Zaman Makoki

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Hadiza ce daga Sifawa, kuma raina a ɓace yake.

Bara ɓarin jikin Babanmu ya shanye. Ya miƙe, amma muryarsa ba hawa ba sauka. Likita ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ya taɓa. Da ƙanensa ya rasu a Shagari, yana amsa ta'aziyya a zaure, wasu mata suka jiyo shi suka ce, "Ji shi, kamar mai cinikin albasa! Ko a jikinsa."

Da abincin sadaka a bakinsu fa! Tir! Mutumin da kwana uku ko fura bai haɗiye ba.

Yanzu ya ce ba zai je addu'ar bakwai ba, gara ya yi shiru. Jama'a, me zan ce masa?